Kujerar da Na Ajiye wa Baba Ado

Litinin, 9 ga Oktoba, 2023

Wata bakwai ke nan da aka turo ni Diffa, har yau cikina bai saba da tattasan garin nan ba. Mutanen nan da za a bar su, ko a shayi sai sun zuba shi. Mama ta bugo daga Damagaram da safe, ta ce, "Hasna, muryarki ta yi kaushi." Na ce faɗa da masu jinya ne. Ta ce ai ba yau na fara ba.

An mayar da ni ɗakin maza na bayan tiyata, gado shida. A gado na huɗu akwai wani Bafillace daga wajen Fulatari, sunansa Bubakar, ba zai wuce shekara ashirin da bakwai ba. Taifot ya huda masa hanji, Dokta Nazir ya yi masa aiki ran Alhamis. Yau ya ce a fara ba shi kunu mai ruwa-ruwa, kuma ya ja mini kunne sosai: jikin mutumin ya riga ya ƙare tun kafin a kawo shi, in bai ci abinci ba ɗinkin ba zai kama ba. Ƙarin ruwa ba abinci ba ne.

Bubakar ya sha rabin kofi da rana, rabi da la'asar. Ba laifi. Ba ya kallon fuskar mutum, in na tambaye shi ko akwai ciwo sai ya ce babu. Mutumin da aka tsaga wa ciki kwana huɗu da suka wuce, wai babu.

Talata, 10 ga Oktoba

Yau raina ya ɓaci. Kowane gado da mai jinyarsa a gefe, ana fifita, ana gyara matashi, sai gado na huɗu. Na tambaya ina wanda ya kawo shi, aka nuna mini can ƙarƙashin dogon yaro a bakin katanga. Babansa ne, wani tsoho dogo mai farin gemu, Baba Ado, ya shimfiɗa buzu yana jan carbi kamar wanda ya zo shan iska. Kwana biyar, wai ko ƙofar ɗakin bai taka ba, sai dai ya tsayar da mai wucewa ya tambaya yaya mai jiki.

Na je na same shi. Yana jin Hausa daidai ta kasuwa. Ban rage masa komai ba. Na ce nan ba ruga ba ce, ɗanka yana tsakanin rai da mutuwa kai kana nan kana ƙirga ganye. Ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, na ce ba na son jin komai, ya tashi. Ya naɗe buzunsa ya biyo ni.

Da hannuna na ɗauko farar kujerar roba ta ofishinmu na ajiye masa a gefen gadon. Na ce daga yau nan ne wurinsa, kuma duk lokacin da aka kawo kunu ya tsaya a kan yaron sai ya shanye. Ya ce, "To, likita."

Na fito ina jin daɗin kaina. Wani lokaci mutanen daji sai an yi musu tsawa.

Laraba, 11 ga Oktoba

Bubakar bai sha ko cokali ɗaya ba. Wataƙila tashin zuciya ne, na yi masa allura.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Yau ma haka. Kunun safe ya huce har ya yi fata a sama, na kwashe. Dokata ce, kwano ba ya wuce rabin awa a ɗakin nan saboda ƙuda, kuma ba zan karya ta don mutum ɗaya ba.

Abin da ya fi ba ni haushi tsohon ne. Na shigo na tarar ya juya kujerar, ya ba gadon baya, yana fuskantar bango, har ya ja rawani ya rufe rabin fuska. Ɗanka na fama kai ka juya masa ƙeya? Na kama kujerar na juyo da ita da shi a kai, masu jinyar sauran gadaje suna dariya. Na ce ya dubi yaron da idonsa. Sai ya sunkuyar da kai. Bubakar kuwa ya rufe ido, gumi na tsattsafo masa a goshi.

Na lura ruwan kofinsa yana raguwa bayan azahar. Ina zargin tsohon ke ɗiba kafin ya tafi masallaci.

Ya Kubura mai shara ba ta nan tun ran Litinin, an yi musu rasuwa a cikin 'yan Bosso da ke zaune a bayan gari. Ɗakin duk ya yi kaca-kaca, kuma babu mai surutu a kunnena. Ban zaci zan ji rashinta ba.

Juma'a, 13 ga Oktoba

Na buɗe fansama, wato bandejin cikinsa, gefen ɗinkin na ƙasa ya fara jiƙa. Ban so abin da na gani ba. Dokta ya duba, ya ce hanjin yana aiki, babu kumburi, babu dalilin da zai hana shi ci. Ya tambaye ni me ke faruwa. Na ce taurin kai ne irin nasu. Na rubuta a takarda: majinyaci ya ƙi abinci, iyali ba sa ba da haɗin kai.

Dokta ya ce in har ran Litinin bai ci ba, za a zura masa roba ta hanci a riƙa ɗura masa.

Bayan an tashi na bi ta bakin Komadugu kafin in je gida. Kogin ya cika, masu gonakin tattasai suna ta ja da injin. Na zauna kaɗan. Ni ce ta ɗaya a ajinmu, ban taɓa rasa majinyaci don sakacina ba, kuma ba zan fara da wannan ba. Amma tsoro nake ji, in faɗi gaskiya. Idanunsa sun faɗa, wuyan hannunsa bai fi nawa ba.

Asabar, 14 ga Oktoba

Na gwada lallashi. Na zauna a bakin gadon, na ɗebo kunu a cokali, na kai masa baki kamar yaro, tsohon na zaune a gefe. Na ce masa ko don matarsa. (A takarda an ce ta haihu sati biyu da suka wuce, tana gida tana jego, shi ya sa ba ta zo ba.) Da na ambaci matar sai ya ƙara matse baki, ya juya kai. Na ga hawaye ya gangaro ta gefen idonsa ya shiga kunne.

Na fita na bar cokalin a cikin kwano. Ban san abin da zan yi masa ba kuma.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Ba ranar aikina ba ce, amma na leƙa. Gara da na je. Baba Ado ya tare ni a ƙofa, ya ce a ba su takardar sallama, zai mayar da yaron gida. Ya riga ya yi magana da mai mota da ke zuwa Maine ran Talata.

Na ce masa in ya ɗora mutumin nan a mota a kan wannan hanyar, cikinsa zai buɗe kafin su kai, kuma jininsa na wuyansa. Na faɗi maganganu da yawa, wasu ba zan rubuta su a nan ba. Ya saurara har na gama. Abin da ya ce kawai, "A gida zai ci."

Na san irin wannan. Za su kai shi wajen mai sassaƙe, a shafa masa toka, bayan kwana uku a ce wa'adi ne. Na dawo gida kaina na ciwo, ban iya cin komai ba sai shayi.

Litinin, 16 ga Oktoba

Ban san ta inda zan fara ba.

Ya Kubura ta dawo da safe. Tsohuwa ce Babarbariya, ta bar Bosso shekarar da aka watse garin, ta fi shekara bakwai tana share asibitin nan. Hausarta irin ta Barebari ce, mace ma "kai" take ce mata. Na yi mata gaisuwar rasuwa a tsaitsaye, hankalina na kan robar da za a zura da ƙarfe goma sha ɗaya. Ta shiga ɗakin da tsintsiya, ba ta yi minti biyar ba ta fito ta same ni ina haɗa kaya a tire.

Ta ce wa ya sa tsohon can a kan kujera. Na ce ni. Ta ce mene ne shi a wurin yaron. Na ce babansa ne mana.

"Kai ka tambaya?"

Ni na cike takardar ran da aka kawo su. Na ga tsoho da gemu, na ga saurayi a kwance, na rubuta uba. Ban tambayi kowa ba.

Ta ce ta gaishe shi da Fillanci yanzu, ta tambaye shi yaya ɗansa, ya ce mijin 'yarsa ne. Uban Bubakar ya daɗe da rasuwa, 'yan'uwansa sun yi arewa da shanu, babu wanda zai kawo shi sai surukin.

"Yarinyar Damagaram," in ji ta, "Bafillace zai mutu da yunwa, ba zai buɗe baki ya tauna a gaban surukinsa ba. Ko ruwa. Kai ka kawo surukin ka dasa masa a kai, ka ce ya zuba masa ido."

Sai komai ya riƙa dawo mini. Zaman da ya yi a gindin dogon yaro, wuri ya ba yaron. Juya kujerar da rufe fuska, so yake ya zama kamar ba ya nan ko yaron zai samu ya sha, ni kuma na juyo da shi ana dariya. Ruwan da ke raguwa bayan azahar, Bubakar ne ke kurɓa in tsohon ya tafi salla, kuma a lokacin na riga na kwashe kunun saboda ƙuda. Shekaranjiya ma na zauna ina ambatar matarsa a gaban ubanta.

Mu ma a gidanmu akwai kunyar suruki. Mijin yayata har yau ba ya zama cin abinci da Abba. Na sani sarai. Kawai ban taɓa kawowa a raina mutanen nan suna da wani dalili ba, na riga na yanke cewa jahilci ne. Garin neman gira na kusa rasa ido, kuma idon ma ba nawa ba.

Na ajiye tiren na ce bari in je in gaya wa tsohon ya fita. Ta riƙe mini riga. Ta ce in na je na ce masa surukinka ba ya ci saboda kai, na tona su duka biyu a gaban maza biyar da masu jinyarsu, gobe da asuba za su bar asibitin. Ta ce in bar mata, Bafillace abokin wasan Babarbare ne.

Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo. Ta shiga tana buga tsintsiya a ƙafar kujerar.

"Kai Fulata, ka zo birni ka samu kujera ka zama gwamna? Ɗauke waɗannan ƙafafun naka masu kamar sandar kiwo, zan yi shara. Shanunka sun cinye mana tattasai, yanzu kuma ka zo ka cinye mana wuri."

Na ce a raina yau za a yi ta. Sai na ga gemun tsohon na rawa. Dariya yake. Ya ce tun yaushe baiwar gidansu ta samu bakin yi wa ubangijinta magana. Ta ce bawa dai shi ne, ya tashi ya riƙe mata bokiti zuwa famfo, kuma kada ya sake ta gan shi a ɗakin nan sai ta ba da izini. Ya tashi da sauri har yana mance carbinsa. A ƙofa ya tsaya ya dube ni, don ni na ce ya zauna. Na ce, "Baba, ai ka ji umarnin manya." Ya wuce.

Na roƙi Dokta ya ba ni zuwa la'asar. Ya ɗaga gira, ya ce zuwa la'asar kawai. Na ɗaura zanen gado biyu a jikin ƙarfen ƙarin ruwa na kewaye gadon, na ajiye kunu mai zafi da dafaffiyar madara a ciki, na fita ni ma. Minti ashirin ina zagaye a baranda kamar kazar da za ta yi ƙwai.

Da na koma kwanon babu komai, har an suɗe gefen da yatsa. Yana kwance ya juya fuska bango. Na ɗauki kwanon na shiga ɗakin magani na rufe ƙofa na yi kuka.

Talata, 17 ga Oktoba

Kwano uku. Mai motar Maine ya tafi ba da su ba.

Laraba, 18 ga Oktoba

Na mayar da kujerar ofis. Baba Ado ya koma kan buzunsa a gindin dogon yaro, Ya Kubura ce ke kai masa labari, kowane labari da zaginsa. Yau na ji tana ce masa yaron ya fi shi hankali, ya ce ai dole, bai taɓa zama da Barebari ba.

Dokar rabin awa na nan, amma na nemo murfi na kwano. Ashe murfi ma yana hana ƙuda.

Na ɗauko takardar ran Juma'a inda na rubuta iyali ba sa ba da haɗin kai. Ba a goge abin da aka rubuta a takardar majinyaci, sai dai a ja layi a sa hannu. Na ja layin, na rubuta abin da ya faru a ƙasa, da sunana. Dokta ya karanta, ya ce shi ma kullum yana wuce tsohon bai taɓa tambaya ba. Bai rage mini nauyi ba, amma na gode masa.

Asabar, 21 ga Oktoba

Ɗinkin ya bushe, gefen da ya jiƙa ya fara kamawa. An ƙara masa shinkafa mai laushi da romo. Ya taka daga gado zuwa ƙofa yana dafe da bango. Na tambaye shi ciwo, ya ce babu. Na daina wannan tambayar, yanzu goshinsa nake duba da yadda yake jan numfashi, in na ga alama in ba shi magani ba tare da na sa shi ya faɗa ba.

Na kai wa Ya Kubura alkaki cikin wanda Mama ta aiko. Ta ce na 'yan Damagaram zaƙi ya yi masa yawa, kamar bakinsu in suna son abu. Ta cinye duka.

Har yanzu ban iya zuwa gindin dogon yaron ba. Ina gaishe shi daga nesa.

Alhamis, 26 ga Oktoba

An sallami Bubakar. Ya fita da ƙafarsa, a hankali, yana riƙe da ledar magani. Bai kalle ni ba, amma da ya zo daidai inda nake ya ce, "Allah ya biya, likita." Ban taɓa jin ya haɗa kalma huɗu ba sai yau.

Kafin motar ta zo na daure na je wurin tsohon. Na durƙusa na gaishe shi yadda ake gaida uba. Na ce me ya sa bai gaya mini ba tun ran farko. Ya ce ya fara, na ce ba na son jin komai. Kuma ko da na bari, wannan ba maganar da babba zai faɗa da bakinsa ba ce a kan mijin 'yarsa.

Na ce to batun kai shi gida fa, bai san hanyar za ta iya kashe shi ba?

Ya ɗan jima yana murza carbi. "Na sani. Amma kin ce in zauna, ke ce likita, na zauna. Kwana biyar ina kallon yana ƙarewa saboda ni. Na ga in mun isa gida zan koma rugata, shi kuma ya ci. Ba ni da wata hanyar tashi daga kujerar nan."

Na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce babu komai, ransa nake so ya tsira, shi ma haka. Ya tashi ya naɗe buzu. Ya Kubura ta raka su har bakin ƙofa tana cewa ya gaida shanun sata.

Da la'asar aka kawo sabon mutum gado na huɗu, masunci daga wajen tafki, da wata mata mai shekaru a bayansa. Na riƙe biro a kan layin mai jinya, na ga kamar uwarsa ce. Na tambaye shi wace ce a wurinsa, da kuma gaban wa yake iya cin abinci, da wanda yake so ya kama shi in zai zaga. Ashe matar wansa ce. Majo, shugabanmu na ma'aikatan jinya, ya wuce ya ce kwanan nan na cika daɗewa wajen cike takarda, da can minti uku nake yi.

Na ce masa biron ne ba ya zuba da kyau.